Waiwaye: Ágnes Szávay, 'yar wasan tennis ɗin Hangari da ciwon baya ya raba da fili tana da shekara 24

A ranar 6 ga Fabrairun 2013 ne Ágnes Szávay ta sanar cewa ta ajiye raket, ba za ta sake buga tennis a matsayin sana'a ba. Shekarunta 24 kacal. A wannan wasa, daidai lokacin ke nan da mace ke fara cin moriyar wahalar da ta sha tun tana ƙarama. Ita kuwa ƙashin bayanta ne ya ƙi warkewa. Masu bibiyar wasan sukan jera sunanta cikin waɗanda suka haska na ɗan lokaci suka dushe, kamar dai ita ce ta gaza. A ganina wannan hukunci bai yi mata adalci ba, kuma tarihin wasan mata a ƙasarta ya nuna dalili.

Hangari ƙasa ce mai mutane kusan miliyan 10 a tsakiyar Turai. An fi sanin ta da ninkaya, da wasan takobi, da ƙwallon cikin ruwa, da tseren kwalekwale. Tennis bai taɓa zama babban wasan ƙasar ba, shi ya sa fitacciyar 'yar wasa takan fito ne jefi-jefi, kusan ɗaya a kowane zamani. Ta farko ita ce Zsuzsa Körmöczy, wadda aka haifa a 1924. Yaƙin duniya na biyu ya cinye shekarun ƙuruciyarta, sai da ta kai shekara 33 sannan ta lashe babbar gasar Faransa, wato French Open, a Paris a 1958, inda ta doke Shirley Bloomer ta Birtaniya. A shekarar da ta biyo baya ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Christine Truman ta yi galaba a kanta.

Daga nan aka yi shiru na kusan shekara 25, har Andrea Temesvári ta bayyana. Haifaffiyar Budapest ce a 1966, mahaifinta ɗan wasan ƙwallon kwando ne, kuma shi ya horar da ita. Tana da shekara 17 ta lashe gasar Italiya ta 1983, farkon 1984 kuma ta hau matsayi na 7 a duniya. A 1986 ta haɗu da Martina Navratilova suka ɗauki kofin 'yan bibbiyu na French Open, bayan sun doke Steffi Graf da Gabriela Sabatini. Sai ciwon idon sawu da na kafaɗa suka kwantar da Temesvári, aka yi mata tiyata. Ta dawo, ta ci gaba da wasa har cikin shekarun 1990, amma ba ta sake shiga cikin goman farko ba. Wato tun kafin Szávay ta fara riƙe raket, mutanen Hangari sun riga sun ga yadda yarinya ke hawa sama tun ba ta cika shekara 20 ba, jiki kuma ya janyo ta ƙasa.

An haifi Szávay ranar 29 ga Disamban 1988 a garin Kiskunhalas, ta tashi a Soltvadkert, wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar. A 2005 ta yi fice a rukunin matasa. Ta kai wasan ƙarshe a Australian Open, inda Victoria Azarenka ta Belarus ta doke ta, sannan ta lashe French Open na matasa a wasan ɗaiɗai. Ita da Azarenka ɗin ne kuma suka haɗa kai suka ɗauki kofin 'yan bibbiyu na matasa a Paris da Wimbledon a wannan shekara. Duk wanda ya ga yaran biyu a lokacin ba zai iya rantsewa kan wadda za ta fi nisa ba.

Akwai wata doka da ya kamata a sani kafin a fahimci abin da ya faru a 2007. Tun 1995 hukumar wasan tennis ta mata, WTA, ta ƙayyade yawan gasar manya da yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba za ta iya shiga a shekara. An kafa dokar ne bayan an ga yadda wasu 'yan mata da suka fara tun suna 13 ko 14 suka gaji da wuri, a jiki da tunani. Szávay ta cika 18 a ƙarshen 2006. Shekarar 2007 ce ke nan ta farko da aka cire mata wannan takunkumi.

Ta shiga shekarar ba ta ma cikin 'yan wasa 100 na farko a duniya. A watan Yuli ta ci kofinta na farko a gasar manya a Palermo ta Italiya. A Agusta ta je New Haven a Amurka, inda sai da ta bi ta wasannin share fage kafin ta samu gurbi, abin da ke nufin ƙarin wasanni a kan waɗanda manyan 'yan wasa ke bugawa. Haka ta yi ta cin nasara har wasan ƙarshe, ta haɗu da Svetlana Kuznetsova ta Rasha. Ta ci turmin farko. A turmi na biyu bayanta ya riƙe, dole ta janye, aka miƙa wa Kuznetsova kofi.

Wannan rana ce mahaɗar labarin gaba ɗaya. Kwanaki kaɗan bayan haka aka buɗe US Open a New York, ita ma a kan fili mai tauri wanda ba ya sassauta wa gaɓoɓi. Szávay ta shiga. Ta fitar da Nadia Petrova, ta kai zagayen 'yan takwas na ƙarshe, inda Kuznetsova ta sake tare ta. A wasan bibbiyu kuma, ita da Vladimíra Uhlířová ta Jamhuriyar Czech sun kai wasan kusa da na ƙarshe. Mako biyu ke nan na wasa kusan kullum ga yarinyar da ta fita daga fili da ciwon baya a makon da ya gabata.

A Satumba sai Beijing. Abokiyar karawarta a wasan ƙarshe ita ce Jelena Janković ta Sabiya, ta 3 a duniya a lokacin. Turmin farko ya kai ga bugun raba gardama, Szávay ta yi gaba da maki 5 da nema, amma ta bari ya suɓuce mata. A turmi na biyu aka bar ta a baya da 5 da 1, har Janković ta kai inda maki ɗaya ya rage mata ta ɗaga kofi. Bugun fara wasa na hannun Szávay, ta ɓarar da na farko. A irin wannan hali kusan kowa yakan lallaɓa bugu na biyu ne don kada ƙwallo ta fita. Ita sai ta sake shi da ƙarfi, ƙwallo ta wuce Janković ba ta ko taɓa ta ba. Daga nan Szávay ta ci ƙananan wasanni 9 na cikin turmi a jere, ta kammala da 6-7, 7-5, 6-2. Ta rufe shekarar tana cikin 20 na farko, WTA ta zaɓe ta sabuwar tauraruwar shekara, a gida kuma aka ba ta lambar gwarzuwar 'yar wasa ta 2007. Wanda ya san wannan wasa na Beijing ba zai yarda cewa rashin zuciya ne ya hana ta nisa ba.

Ciwon baya a tennis yana da sananniyar hanya. Duk lokacin da 'yar wasa za ta yi bugun fara wasa, sai ta lanƙwasa baya, ta murɗa ƙugu, ta yi tsalle, sannan ta dira. Ana maimaita wannan sau da yawa a kowane wasa, ban da na atisaye. Nauyin yana taruwa ne a ƙasusuwan ƙasan gadon baya, kuma ga matasan da ƙashinsu bai gama ƙwari ba, yakan fara tsagewa a hankali ba tare da an faɗi ko an bugu ba. Maganinsa na farko hutu ne mai tsawo. Tsarin wasan kuwa ba ya ƙaunar hutu. Makin matsayin duniya da 'yar wasa ta samu a gasa yana zubewa bayan mako 52. Idan ba ta koma ta kare shi ba, matsayinta ya faɗi, ta rasa shiga manyan gasa kai tsaye, kuɗin shiga ya ragu, alhali ita ke biyan koci da jirgi da masauki daga aljihunta, don babu ƙungiyar da ke ba ta albashi kamar 'yan ƙwallon ƙafa. Rana zafi, inuwa ƙuna. Yarinya mai shekara 18 da ƙasa guda ta zuba wa ido ba ita ce za a sa ran ta ce a dakata ba. Wannan nauyi ne na manyan da ke kewaye da wasan, da masu tsara jadawalin da ke farawa a Janairu ya kai har kusan ƙarshen shekara.

Abin da ya biyo baya hawa da sauka ne. A farkon 2008 ta kai wasan ƙarshe a gasar cikin ɗaki ta Paris, Anna Chakvetadze ta doke ta. A Afrilu ta hau matsayi na 13, mafi girma a rayuwarta, ta kuma kai zagaye na huɗu a Wimbledon. Daga nan sakamako ya ja baya, ta riƙa sauya masu horarwa. A French Open na 2009 ta tuna wa duniya ko ita wace ce, ta fitar da Venus Williams da ci 6-0, 6-4 a zagaye na uku. A watan Yulin shekarar ta ɗauki kofin Budapest a gaban mutanenta bayan ta doke Patty Schnyder ta Suwizalan. A 2010 ta maimaita, da Schnyder ɗin dai, mako guda bayan haka kuma ta ƙara da na Prague. Kofuna 5 ke nan a wasan ɗaiɗai, huɗu daga ciki a filin jar ƙasa, wanda ya fi laushi ga jiki.

A 2011 wasanni kaɗan ta iya bugawa kafin a tabbatar da tsagewar ƙashi a gadon bayanta. Ta yi fiye da shekara guda ba ta fili. Ta yunƙuro a 2012, ta buga gasar Olympics ta Landan, Elena Baltacha ta fitar da ita a zagayen farko. A US Open ma haka, a hannun 'yar ƙasarta Gréta Arn. Watanni kaɗan bayan haka ta yi sanarwar barin wasa. A ranar da ta yi ta, Azarenka, abokiyar wasanta ta 2005, ita ce ta 1 a duniya, kuma ba ta cika mako biyu da lashe Australian Open karo na biyu ba.

Bayan Szávay, Tímea Babos ce ta riƙe tutar Hangari. A wasan ɗaiɗai ta tsaya a matsayi na 25 a 2016, amma a wasan bibbiyu, inda mutum biyu ke raba fili da bugun fara wasa, ta kai ta 1 a duniya a 2018. Ita da Kristina Mladenovic ta Faransa sun lashe Australian Open a 2018 da 2020, da French Open a 2019 da 2020, kuma ta ci gaba da wasa har bayan ta haura shekara 30.