Me ake nufi da "jagoran majiyyaci"?

A asibitocin Amurka, musamman sashen masu ciwon daji, akwai ma'aikacin da ake kira jagoran majiyyaci. Wani lokaci nas ce, wani lokaci kuma mutumin unguwa ne da aka ba horo. Aikinsa shi ne ya tabbatar mara lafiya ba ta ɓace a hanya ba, tun daga ranar da aka ga ƙullutu a hoton mama har ranar da ta gama magani. Shi ke tsayar mata da ranar ganin likita, ya cike takardun inshora, ya nemo tafinta da motar da za ta kai ta, idan kuma ba ta zo ba ya kira ya ji lafiya.

Wanda ya soma tsarin wani likitan tiyata ne, Harold Freeman, a asibitin Harlem da ke New York a 1990. Ya lura matan unguwar, yawancinsu talakawa baƙar fata, da yawa ba sa zuwa sai sankarar mama ta ci ƙarfinsu. Tsakanin 1964 da 1986, kashi 39 cikin 100 ne kawai ke kai shekara biyar da rai bayan an gano ciwon. Da aka haɗa gwaji kyauta da masu jagora, adadin ya kai kashi 70 tsakanin 1995 da 2000. A 2005 gwamnatin Amurka ta yi dokar tallafa wa irin wannan aiki.

Inda za a ga amfaninsa ƙarara shi ne wajen baƙi masu jin harshen Fotugis a jihar Massachusetts. Bayan Turanci da Sifaniyanci, babu harshen da ya kai shi masu magana a jihar. Akwai mutanen tsibiran Azores na ƙasar Fotugal da suka cika garuruwan Fall River da New Bedford, wasunsu sun zo ne bayan aman wutar dutsen Capelinhos da aka yi a tsibiran a 1957. Akwai 'yan Cape Verde a Brockton, sai 'yan Birazil da suka yi yawa a Framingham. Kuskuren da ake yawan yi musu shi ne a miƙa musu takardar bayani da Sifaniyanci, a ɗauka ai duk ɗaya ne. Tsohuwa 'yar Cape Verde kuwa, ko Fotugis ɗin aka yi mata, ta fi sakin jiki da Kiriyol, harshen gida na ƙasarsu.

A ɗauki misalin 'yar Birazil mai aikin shara da goge-goge a gidajen mutane. Ranar da ba ta fita ba, babu kuɗi. Wasiƙa ta zo da Turanci cewa a dawo a ɗebi tsoka a gwada, ta ninke ta jefa a jaka, wata biyu ya wuce. Idan takardun zamanta ba su cika ba, ga fargabar kada sunanta ya shiga hannun hukuma. Idan ma ta je, sau da yawa 'yarta ƙarama ce ke yi mata tafinta, kuma wace yarinya ce za ta iya duban mahaifiyarta ta ce za a cire mata mama? A ganina wannan zalunci ne ga su biyun. Jagora mai jin harshen shi ke sauke wa yarinyar wannan kaya, ya roƙa a ba matar lokaci da sassafe don kada ta rasa aikin yini.

Jagora ba ya aiki shi kaɗai. Kafin mace ta iso gare shi, galibi ta bi ta hannun nata: matan coci, mai gyaran gashi, zauren WhatsApp na 'yan garinsu. Su ke karɓa-karɓa wajen kai ta kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, su dafa abinci, su riƙe mata gidajen da take yi wa aiki har ta miƙe. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su Massachusetts Alliance of Portuguese Speakers, wadda tushenta ya koma 1970, tana taimakon mutane kan lafiya da walwala da harshensu. Al'adar ba baƙuwa ba ce a wajensu: a Fotugal akwai shirin Vencer e Viver, inda matan da suka sha wannan ciwo ke ziyartar sababbin kamu, a Birazil kuma akwai Rede Feminina de Combate ao Câncer, ƙungiyar mata 'yan sa-kai masu yaƙi da ciwon daji.

Sai dai zumunci na da iyaka. 'Yar'uwa za ta share hawaye, amma tana iya kawo shawarar jiƙo a maimakon kemo, ko maganar ta fita ta zagaye coci, abin da ke sa wasu matan su yi gum da bakinsu. Jagora yana da horo, kuma doka ta ɗaure shi da riƙe sirri. Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar aikin a hannun 'yan sa-kai kawai ba. Tun 2024 inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, Medicare, ta fara biyan kuɗinsa, amma ita yawanci ta masu shekara 65 zuwa sama ce, kuma baƙuwar da ba ta da takardu ba ta ciki. Irin waɗannan mata har yanzu sun dogara ne da asibitocin unguwa da tallafin da ƙungiyoyi ke nemowa.