Shin Indiya sayar da manyan hanyoyinta take yi?

An daɗe ana cewa gwamnatin Indiya tana sayar wa 'yan kasuwa manyan hanyoyinta. Wanda ya ga kamfani na karɓar kuɗi a shingen hanya ba za a ga laifinsa ba idan ya zaci haka, amma ba haka abin yake ba.

Hanyar da filin da ta ratsa suna nan a hannun gwamnati. Abin da ake bayarwa haya shi ne damar karɓar kuɗin wucewa na wani wa'adi. A rukunin farko na 2018, hanyoyi tara aka bayar na shekara 30. Kamfani ya biya kuɗi dunƙule tun farko, gyara da kulawa suka hau wuyansa, gwamnati ta sami na gina sababbin hanyoyi. Wa'adi na cika, damar karɓar kuɗin ta koma hannun gwamnati.

Akwai kuma asusun amana na zuba jari, inda asusun fansho da sauran masu jari ke haɗa kuɗi su karɓi irin wannan haya ta hanyoyi. Wata doka ta 2014 ta wajabta a raba musu aƙalla kashi 90 cikin 100 na rarar da ta shigo. Farashin wucewa ma ba kamfani ke yankewa ba, ƙa'idar gwamnati ce ta 2008.

Inda ya cancanci a sa ido, a ganina, shi ne ko an bayar da hayar da araha. In kun ji irin wannan zance, ku nemi takardar yarjejeniyar, ku duba wa'adin da wanda ke yanke farashi. Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.