Wa ke da ikon canja wani abu a Misa?

Yawancin gardamar da ake yi bayan an tashi daga Misa ranar Lahadi ta dade da samun amsa a rubuce. Shugaban mawaƙa ya ce waƙar da suka zaɓa ta fi Zabura daɗi, wata uwa daga Zumuntar Mata ta ce sanarwa ta cinye lokaci, wani kuma ya ce ai Fada ne shugaba, abin da ya ga dama shi zai yi. Amsar tana cikin gabatarwar babban littafin Misa da ake ajiyewa a kan bagadi, wadda ake kira Institutio Generalis Missalis Romani da Latin. Tana da babi tara da sakin layi 399. Duk majami'ar da ta ware 'yan makonni ta zauna ta karanta wannan gabatarwa tare, da katekis da mawaƙa da masu karatu da masu hidimar bagadi, za ta huta da rigima mai yawa.

Tushen wannan tsari Majalisar Vatican ta Biyu ce, wato babban taron bishop-bishop na Katolika na duniya. A ranar 4 ga Disamba 1963 ta fitar da kundin ibada mai suna Sacrosanctum Concilium, wanda ya buɗe ƙofar yin Misa da harsunan jama'a. Shi ya sa yau ake jin ta da Hausa a Kaduna da Jos da Kafanchan da Yola. Sabon littafin Misa ya fito a 1970 zamanin Paparoma Paul na Shida, bugu na uku kuma, wanda ake aiki da shi yanzu, ya fito a 2002.

Ƙa'idar da sauran duka suka rataya a kanta tana sashe na 22 na wancan kundi: ba wanda zai ƙara, ko ya rage, ko ya canja wani abu a ibada da ikon kansa, ko da firist ne. Wasu na ganin wannan takurawa ce. Ni kariya nake ganinta, kuma talakan majami'a ta fi karewa. Tsohuwar da ta yi tafiyar ƙasa daga ƙauye ta zo ne don Misar Ikilisiya. Haƙƙinta ne ta same ta cikakkiya, ko Fada mai son dogon bayani ne, ko mai gaggawa.

Abubuwan da ba a taɓawa a fili suke. Ba a sauya karatun Littafi Mai Tsarki da wani rubutu komai kyansa, kuma Zaburar da ake amsawa bayan karatu na fari tana cikin wannan hukunci, domin ita ma Maganar Allah ce. A nan ne mawaƙa suka fi zamewa, ba da mugun nufi ba, sai don waƙar da suka saba ta fi sauƙin kamawa. Ana iya rera Zaburar da kiɗan gida, amma kalmominta su zauna yadda suke. Haka ma waƙar ɗaukaka ga Allah, ba a musanya kalmominta da wasu. Wa'azin da ke bin Bishara na bishop ne ko firist ko dikin. Katekis, duk iya bakinsa, ba ya yin sa a cikin Misa. Hidimar da yake jagoranta a ƙauyen da Fada bai samu zuwa ba wani tsari ne daban. Gurasa ta alkama ce zalla, ruwan inabi kuma na 'ya'yan inabi ne, don haka gero da dawa ba su shiga nan. Mai karɓar Jikin Almasihu ya kame bakinsa na awa guda kafin karɓa, ban da ruwa da magani, amma dokar ta ɗauke wa tsofaffi da marasa lafiya da masu jinyarsu wannan nauyi.

Wurin da aka fi sakaci, a ganina, shi ne shiru. Sakin layi na 45 na gabatarwar littafin Misa ya ƙidaya shiru cikin sassan Misa: lokacin tuba a farko, bayan firist ya ce mu yi addu'a, bayan karatu ko wa'azi, da bayan karɓar Jikin Almasihu. Mu kuwa da an ɗan tsagaita sai mai ganga ya ɗauka an bar masa fili. Mutumin da ya karɓi Ubangijinsa yana bukatar ɗan lokaci ya yi magana da shi a zuci, kuma littafin ya ba shi wannan lokaci. Gaisuwar salama ma an ce a yi ta cikin natsuwa, da na kusa kawai. Sanarwa ta zama gajera, a yi ta bayan addu'ar da ke bin karɓa, kuma sai in akwai bukata. A lokacin Azumi ba a ƙawata bagadi da furanni, kayan kiɗa kuma rakiyar murya kawai suke yi, ban da Lahadi ta huɗu da manyan bukukuwa.

Duk da haka, filin zaɓi yana da faɗi fiye da yadda ake zato. Firist na da addu'o'in Yukarist da yawa, wato babbar addu'ar da ake yi a kan gurasa da ruwan inabi, da zai zaɓa daga ciki. Roƙe-roƙen jama'a a majami'a ake tsara su, don haka ba abin da ya hana a roƙa wa manoma damina mai albarka ko a ambaci waɗanda aka raba da gidajensu. Babi na 9 na gabatarwar kuma ya bar wa bishop na dayosis da taron bishop-bishop na ƙasa wasu hukunce-hukunce, kamar lokacin tsayuwa da durƙuso, yadda za a yi gaisuwar salama, da irin kayan da za a yi tufafin hidima da su. Tun 2017, da Paparoma Francis ya gyara doka ta 838 cikin dokokin Ikilisiya, taron bishop-bishop ne ke amincewa da fassara, Roma kuma ta tabbatar. Wanda ke son al'ada ta shiga ibada sosai ya dubi Kwango: bishop-bishop ɗinsu sun bi hanya shekara da shekaru har Roma ta amince musu da tsarin Misa na dayosis-dayosis na Zaire (sunan ƙasar a lokacin) a 1988, mai ɗauke da rawa cikin jerin gwano da kiran magabata na gari.

In kuma an ga ana saɓa ƙa'ida, takardar Redemptionis Sacramentum da Roma ta fitar a 2004 ta ce kowane ɗan Katolika na da ikon kai ƙara ga bishop, har ma ga Roma, amma an fi so a fara da bishop, cikin gaskiya da ƙauna. Kafin a kai can, a samu Fada a ofishinsa, a buɗe masa sakin layin, a gaishe shi yadda ya dace, a tambaya. Sau da yawa za a tarar abin da aka ɗauka laifi ne, zaɓi ne da bishop ya riga ya yarda da shi.