Kuɓewar bayan ɗaki ba ta son a jira ta

Iyayenmu mata da magidanta, duk gidan da na shiga duba lambu kuka ɗaya nake ji: kuɓewa ta yi kyau, ta zuba 'ya'ya sau biyu, sai ta tsaya. Galibi laifin ba na iri ba ne, jinkirin tsinka ne.

Kuɓewa takan fara fure wajen mako 6 da shuka. Furen na faɗuwa, cikin kwana 4 zuwa 6 ɗan ya isa miya. Idan aka bar shi wai ya ƙara girma, sai ya yi tauri, wuƙa ma da ƙyar take shigarsa, uwar kuma ta tattara ƙarfinta wajen ƙosar da iri ta rage sabon fure. Don haka a zagaya duk bayan kwana 2 ko 3. A ɗan lanƙwasa tsinin. In ya karye ƙas, ɗanya ce, a cire. Mai gudun ƙaiƙayi ta sa riga mai dogon hannu. Iri kuwa, a ware gindi ɗaya ko biyu masu lafiya a bar su su bushe a tsaye.

Shukar ba wuya. Ƙwayar tana da ɓawo mai tauri, a jiƙa ta ta kwana a ruwa. A sa 2 ko 3 a rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, a bar tazarar kamar kamu ɗaya tsakanin gindi da gindi. In sun tsiro a cire, a bar mafi ƙarfi. Wuri mai rana take so, ba ƙarƙashin mangwaro ba, kuma sanyin hunturu yana tsugunar da ita. Wanda tsakar gidansa siminti ne, buhu ya wadatar: a huda ƙasansa, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Na ce ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Ruwan wanki mai omo ma kada ya je wurin.

Sai ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke mayar da ganye kamar rariya. Ba huda kaɗai suke yi ba, suna yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare. A barbaɗa toka da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, ko a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa a tace a fesa da yamma. Ni ba na ba da shawarar maganin kanti ga abin da ake tsinka jibi a zuba a tukunya.

In ta yi yawa, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, nesa da kaji, a adana ta busasshiya don miyar rani.