Guguwar Katrina: Yadda ƙungiyoyin mishan suka raba aikin agaji a tsakaninsu

Duk lokacin da mahaukaciyar guguwa ta afka wa kudancin Amurka, cikin waɗanda ake fara gani a kan hanya akwai tireloli masu tambarin coci, ɗauke da tukwane da injinan yanka itace. Mutum zai ɗauka kowa gabansa yake yi. Ba haka ba ne, akwai tsari, kuma guguwar Katrina ta 2005 ce ta fi fito da shi fili.

Me ya faru a lokacin Katrina?

Ranar 29 ga Agusta, 2005, guguwar ta sauka gaɓar jihar Luwiziyana da iska mai gudun kusan kilomita 200 a sa'a. Iskar ba ita ta gama da birnin New Orleans ba. Katangun da aka gina don tare ruwa ne suka ɓalle, ruwa ya mamaye kimanin kashi 80 cikin 100 na birnin, wanda dama wani sashensa ya fi teku ƙasa. A maƙwabciyar jihar Misisifi kuwa, igiyar teku ce ta hau tudu ta share garuruwa irin su Waveland da Pass Christian. Fiye da mutum 1,300 sun mutu, asarar dukiya ta kai kimanin dala biliyan 125.

To ina gwamnati, har coci zai ɗauki wannan nauyi?

Gwamnati tana da hukumarta ta agajin gaggawa, FEMA, wadda aka kafa a 1979. Sai dai a Katrina ta yi nawa sosai. Dubban mutane sun kwana da kwanaki a filin wasa na Superdome cikin zafi da ƙarancin ruwan sha, duniya na kallo a talabijin. Shugaban hukumar, Michael Brown, ya ajiye aiki mako biyu bayan guguwar.

Amma ko da gwamnati ba ta yi sakaci ba, tsarin Amurka bai ɗora mata komai ba. Nata shi ne ceton rai, gyaran hanyoyi da gadoji, da ba da tallafin kuɗi. Dafa wa mutum abinci, kwashe masa laka daga ɗaki, zama da shi a cike masa takardu, waɗannan tun asali a wuyan ƙungiyoyin sa-kai suke, kuma da yawa daga cikin manyansu na coci ne.

Ɗariƙun Kirista sun sha bamban a aƙida. Ta yaya ba su taka ƙafar juna?

Sun taɓa takawa. A 1969 guguwar Camille ta ragargaza gaɓar Misisifi, ƙungiyoyi suka yi tururuwa ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke yi. Wani gari ya sami agaji har ya yi yawa, wani ba wanda ya leƙa shi. Shi ya sa a 1970 ƙungiyoyi bakwai, cikinsu har da Red Cross da na ɗariƙun Baptist da Mennonite, suka kafa wata inuwa da ake kira National VOAD. Ba ta da motoci, ba ta raba ko gwangwanin wake. Aikinta ta zaunar da su teburi ɗaya tun sama tana garau, a san wa ya iya me, kuma wa za a kira idan abu ya faru. Jihohi ma suna da irin wannan zama nasu.

A ganina nan ne sirrin yake. Tausayi kowa na da shi ranar da bala'i ya sauka. Wanda ya riga ya horar da masu dafa abinci shekaru kafin ranar, shi ne ke iya ciyar da gari.

Wa ke yin me ke nan?

'Yan Southern Baptist, masu riguna da huluna ruwan ɗorawa, su ne gwanayen tukunya. Sun fara wannan aiki a 1967 bayan guguwar Beulah a Texas, kuma suna da tireloli da aka mayar ɗakunan girki, waɗanda babba daga ciki ke fitar da abincin dubban mutane a yini. Abin sha'awa, galibi ba su ne ke rabawa ba. Su dafa, a zuba a manyan mazubai masu riƙe zafi, motocin Red Cross ko na ƙungiyar Kirista ta Salvation Army su ɗauka su shiga unguwanni. A Katrina abincin da suka dafa ya haura kwano miliyan 10. Suna kuma da tawagogin sare bishiyoyin da suka faɗa kan gidaje, da tirelolin wanka da wanki, abin da wanda bai taɓa yin mako ba wanka a zafin Agusta ba zai raina.

Salvation Army, wadda William Booth ya kafa a Landan a 1865, ta daɗe a harkar, tun guguwar Galveston ta 1900. Ban da motocin abinci, tana da masu rediyon oba-oba da suka yi amfani ƙwarai da layukan waya suka mutu, wajen isar da saƙon masu neman 'yan'uwansu. 'Yan Adventist sun ƙware a kula da sito: karɓar kayan gudummawa, tantancewa, da fitarwa. 'Yan Mennonite magina ne, sukan zo daga baya su daɗe. Cocin Brethren kuma, wato uwar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya da aka fara a Garkiɗa a 1923, nata fannin rainon yara ne a sansanoni, don uwa ta samu ta bi layin neman tallafi ba goyo a baya.

Red Cross dai, duk da tambarinta, ba ƙungiyar addini ba ce.

Bayan ruwa ya janye fa?

A nan aikin ya fi wuya, kuma 'yan jarida sun riga sun tafi. Yawancin gidajen yankin na katako ne da allunan bango masu shan ruwa. Gidan da ya jiƙe na makonni, funfuna ke cinye shi, sai an fitar da komai, an ɓamɓare bango har sai ginshiƙai sun bayyana, an fesa magani, sannan a yi maganar gyara. Coci-coci daga jihohi masu nisa suka riƙa turo ayari-ayari, ɗalibai da 'yan fansho, kowanne ya yi mako guda ya koma, wani ya karɓa. An yi shekaru ana haka.

Sai kuma wahalar takardu: inshora, tallafin FEMA, shaidar mallakar gida da ruwa ya tafi da ita. Hukumar agaji ta cocin Methodist, UMCOR, ita ta jagoranci wani shiri mai suna Katrina Aid Today, da dala miliyan 66 da FEMA ta miƙa mata daga gudummawar ƙasashen waje. Tare da Catholic Charities da wasu ƙungiyoyi, aka haɗa iyalai da ma'aikatan da ke bin lamarinsu ɗaya bayan ɗaya har su samu matsuguni.

Ba wa'azi suke fakewa da agaji su yi ba?

Tambayar tana kan hanya, kuma a Amurkar ma ana yin ta. A ƙa'ida, kuɗin gwamnatin tarayya ba a yin wa'azi da su, kuma yarjejeniyar National VOAD ta hana amfani da halin da wanda bala'i ya shafa yake ciki don jan shi zuwa wani addini. A aikace kuwa ƙungiyoyin sun bambanta. Na Methodist da Katolika da Lutheran ba kasafai suke kawo zancen addini ba sai an tambaye su. Ƙungiyar Samaritan's Purse ta mai wa'azi Franklin Graham ba ta ɓoye manufarta: idan masu aikinta suka gama gyaran gida, sukan miƙa wa mai gidan Littafi Mai Tsarki da sa hannunsu, su nemi yin addu'a tare da shi. Ba a sa wannan sharaɗin samun taimako. Duk da haka, wanda aka kwashe wa laka kwana uku kyauta, da nauyi ya ce a'a, kuma masu sukar lamarin a nan suke kafa hujja. Ni ban ga laifinsu ba da suke sa ido.

Kiristoci ne kaɗai a teburin?

A'a. Ƙungiyoyin Musulmi irin su Islamic Relief ta Amurka da ICNA Relief mambobin National VOAD ne, haka ƙungiyoyin Yahudawa da na mabiya Buddha. Ƙasar Katar ta ba da dala miliyan 100 bayan Katrina, aka kashe a kan asibitoci da jami'o'i da gidaje. A guguwar Harvey ta 2017 masallatan birnin Houston sun buɗe ƙofofinsu suka zama mafaka. Yawan mabiya da tsufan tsari ne suka sa na coci suka fi fitowa.

Ina tsarin ya gaza?

Wuri na farko, kayan da ba a nema ba. Coci a wata jiha mai nisa zai tara gwanjo, har da rigunan sanyi, ya cika tirela ya turo yankin da ake fama da zafi. Kayan su toshe sito, a ɗebe masu aiki daga inda ake buƙatarsu a sa su tsinta, ƙarshe a zubar da mafi yawa. Shi ya sa manyan ƙungiyoyin ke roƙon a aiko da kuɗi.

Na biyu ya fi ciwo. Ƙananan coci-cocin unguwa, musamman na baƙar fata, su ne suka fara shimfiɗa wa mutane katifa tun daren farko, amma da yawansu ba su cikin wata inuwa, ba su san ƙofar da ake bugawa ba. Sun ci bashi, sun ƙarar da asusunsu. FEMA ta ce za ta mayar wa coci kuɗin da ya kashe, amma sai in hukumomin jiha ko na gari ne suka nemi ya buɗe mafakar, alhali yawancinsu ba wanda ya nema, gani suka yi mutane na tsaye a ƙofa. Gyaran ginin wurin ibada da kansa kuwa, sai a 2018, bayan wasu coci-cocin Texas sun kai ƙara kan ɓarnar Harvey, aka sauya doka ta ba coci da masallaci da sauran wuraren ibada damar neman tallafin FEMA kamar sauran ƙungiyoyin da ba na neman riba ba.