Waiwaye: yaushe hoton MRI ya shiga maganar "a yi aiki ko a jira" a kansar dubura?

Tun da anka fara yawo da labarin nan a WhatsApp wai ƙasashen waje an daina yi wa masu kansar dubura aiki, hoto kawai ake ɗauka a ce ka warke tafi gida, gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu nan Sakkwato. Wasu na cewa to mi ya sa mu nan ake ta yanka mutane ana maƙala masu leda a ciki, wasu kuma na cewa shi kanshi MRI ɗin, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu, ɓarnar kuɗi ce, ya za a ce mutum ya yi hoto kafin gashi, wato ƙona kansar da hasken na'ura, sannan ya sake yin wani bayan gashi, ba hoto ɗaya ba ne? Ni abin ya taɓa ni sosai don ƙanen mahaifiyata na cikin wannan halin yanzu haka, kuma abin da nake so mu gane shi ne maganar nan ba jiya ta faro ba, tarihinta ya haura shekara ɗari.

A 1908 wani likitan Landan, Ernest Miles, ya fito da aikin da ake cire dubura gaba ɗaya har da bakinta a rufe wurin, a fito da hanji ta gefen ciki. Ledar da kowa ke tsoro tare da irin wannan aikin take tafiya. A 1982 Bill Heald, shi ma a Ingila, ya nuna cewa in an ciro duburar tare da kitsen da ya lulluɓe ta cikin jakarshi ba tare da an fasa ba, dawowar ciwon a wurin na raguwa ƙwarai. A 2004 wani babban gwaji a Jamus ya nuna gashi da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, kafin aiki sun fi a yi su bayan aiki, dawowar ciwon a wurin cikin shekara biyar kashi 6 cikin ɗari ne, ɗaya ɓangaren kuwa kashi 13. A 2006 kuma binciken da ake kira MERCURY ya tabbatar MRI na iya faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki wuƙa ko kansar ta matso gefen wannan jakar kitsen. Wannan duk ɗalibin likitanci ya haddace su.

To da gashi ya koma gaban aiki sai wani abin mamaki ya riƙa faruwa. A yi wa mutum gashi sati biyar zuwa shida, a jira, a yi aiki a cire mashi dubura, a kai naman ɗakin gwaji a yanyanka a duba, sai a tarar babu ƙwayar kansa ko ɗaya, gashin ya riga ya cinye ta. Wajen mutum ɗaya cikin biyar haka yake faruwa, wani wuri ya ɗan fi wani wuri ya ɗan gaza. Ka ga an raba bawan Allah da duburarshi, wataƙila zai rayu da leda har ƙarshen rayuwarshi, alhali babu abin da ya rage a ciki. Wata likitar fiɗa a Sao Paulo ta ƙasar Burazil, Angelita Habr-Gama, ita ce ta yi ƙarfin halin cewa mu dakata mu gani, a 2004 ta fitar da sakamakon mutum 265, daga cikinsu 71 ba a yi masu aiki ba don an duba ba a ga komai ba, ana dai sa masu ido. Da farko likitoci da yawa ba su yarda da ita ba, kuma tambayarsu mai ƙarfi ce: da mi kika san ta tafi?

Nan ne nake so mu koma baya shekara biyu, ga wani abu da kusan ba a ambatonshi in ana wannan hira.

A 2002 wasu masu bincike a Ingila, Andrzej Dzik-Jurasz da abokan aikinshi, cikinsu har da Gina Brown wadda ta ja ragamar MERCURY, sunka buga wani ɗan gajeren rahoto a mujallar Lancet, shafi biyu kacal, marasa lafiya 14. Kafin nan a wannan ciwon MRI siffa yake nunawa, ga girman ƙarin, ga inda ya kai, ga inda ya tsaya. Su kuma sai sunka auna wani abu daban, yadda ruwa ke motsi a cikin ƙarin. Jikinmu cike yake da ruwa kuma ƙananan ƙwayoyin ruwan nan ba su zama wuri ɗaya, kullum cikin kai da komo suke. Ka ɗauki babbar kasuwa ana jajibirin salla, mutum ba ya iya taku uku bai ci karo da wani ba, haka ruwa yake a inda ƙwayoyin kansa sunka cunkushe, motsinshi kaɗan ne. Ka dawo kasuwar nan da tsakar dare sai ka yi ta tafiya ba mai tare ka, haka ruwa yake a inda nama ya mutu ya ruɓe daga ciki. Na'urar na iya ba wannan motsi lamba, likitoci na ce mata ADC.

Abin da sunka gani ya saɓa wa abin da ni da kai za mu zata. Ƙarin da ruwa ke da ƙarancin motsi a cikinshi tun kafin a fara magani, wato wanda yake cunkushe da rai, shi ya fi motsewa bayan magani. Wanda ruwa ke yawo a sake cikinshi shi ya fi taurin kai. Bayanin da ake bayarwa shi ne inda nama ya ruɓe jini ba ya isa sosai, in jini bai isa ba kemo ba ya isa, iskar oksijin ma ba ta isa, shi kuwa gashi yana buƙatar oksijin kafin ya yi wa ƙwayar kansa illa yadda ya kamata.

Mutum 14 ba su isa a gina hukunci a kai ba, kuma gaskiya binciken da sunka biyo baya ba su taru a baki ɗaya ba, wasu sun ga haka wasu ba su gani ba, har yau babu likitan kirki da zai dubi hoton farko kaɗai ya ce maka kai gashi zai cinye taka, kai kuma ba zai ci ba. Amma tambayar ta canza daga ranar. Da ana tambayar ina ƙarin yake, yanzu ana tambayar mi ke faruwa cikinshi. Kuma amfanin wannan awon ya fi fitowa a inda ba a fara nemanshi ba, wato bayan an gama gashi. Gashi na barin tabo a bangon dubura, a hoton da anka saba yi tabon nan baƙi yake fitowa mai kauri, mai karanta hoto na iya rasa gane tabo ne zalla ko akwai ragowar kansa ɓoye a ciki. A hoton motsin ruwa kuwa ragowar kansa kan fito da haske, tabo zalla ba ya yin haka. Shi ma yana kuskure, kumburin da gashi ya bari na iya yaudararshi, 'yar ƙaramar ragowa na iya kuɓuce mashi, shi ya sa ba a dogara da shi shi kaɗai, sai an haɗa da yatsan likita da kuma kyamarar da ake leƙa hanji da ita. Uku ne, ba a raba su.

Daga nan abubuwa sunka yi sauri. A 2011 likitocin Maastricht a Holan sunka gwada hanyar Habr-Gama da MRI a hannu kan mutum 21. A 2018 anka tattara bayanan mutum 880 daga ƙasashe daban-daban waɗanda anka jira ba a yi masu aiki ba, kusan kashi 25 cikin ɗari ciwon ya sake tsirowa a wurin cikin shekara biyu, yawanci a bangon hanjin inda za a iya gani a cire. Shi kuma labarin 2022 da ya tada ƙurar nan, na maganin dostarlimab a Amurka, mutum 12 ne a rahoton farko kuma dukkansu masu wani nau'in kansar ne na musamman da 'yan kaɗan ke da shi. Ko su ma da MRI da kyamara anka tabbatar ta tafi, kuma anka ci gaba da bibiyarsu.

Yanzu mu dawo gida. Duk wannan ginin a kan kwatantawa yake tsaye, hoton kafin gashi da hoton bayan gashi, wanda akan yi kamar sati shida zuwa goma sha biyu da gamawa. In babu na farko to na biyun ya rasa abokin gwami, wannan ita ce amsar masu cewa ba hoto ɗaya ba ne. Sannan jiran nan ba sallama ba ce, duk wata uku ko huɗu sai ka dawo an duba ka a shekaru biyun farko, da hoto a kai a kai, wanda zai taso daga Isa ko Sabon Birni ko Tangaza ya san abin da hakan ke nufi a kuɗin mota da kuɗin hoto da barin gona. Wanda ba zai iya dawowa ba, jira na iya zame mashi haɗarin da ya fi aikin, kuma likitan da ya ce mashi a yi aiki ba mugunta ya yi mashi ba.

Abin da ya fi ci min rai ma tun kafin a kai ga hoton ne. Mu duk jinin da ya fito ta baya basir muke ɗaukarshi. Kawu ya fi shekara yana shan jiƙe-jiƙen basir, yana rama, bayan gida na canza mashi, kunya ta hana shi faɗa wa ko 'ya'yanshi, mu ma da munka lura ba mu matsa ba don wurin da abin yake. Gashi ya fi samun damar cinye ƙari ƙarami, wanda ya girma ya kama maƙwabta da wuya ya ɓace duka, kenan tun a watannin nan na shiru ake rasa damar da muke ta gardama a kanta. Tsoron leda ma na ƙara nisanta mutane da asibiti, mutum na tunanin tsarki da alwala da sahun masallaci, alhali malamai na da bayani mai sauƙi kan mai lalura irin wannan, kuma ba kowane aiki ke ƙarewa da leda ta dindindin ba, ya danganta da nisan ƙarin daga bakin dubura.

Kawu dai an samu an yi mashi hoton farko kafin a fara komai, ya gama gashinshi, yanzu sati na biyar kenan. Ranar da munka je ya tambayi likita, "Likita, in hoton ya fito da kyau shi kenan na tsira daga wuƙa?" Likitan ya ce, "Baba, sai na duba da hannuna, mun leƙa da kyamara, mun ajiye hoton nan kusa da na farko, sannan mu zauna da kai mu yi shawara." Faifan hoton farkon na wurina cikin ambulan, na hana kowa taɓawa, saura sati uku mu koma da shi. Allah Ya ba shi lafiya da sauran marasa lafiyarmu.