Daɓe ko Hannu? Tambayoyi kan Filayen Kurket na Kwana Biyar da Salon Bugu

Me ya sa masu kallon kurket ba sa gajiya da gardama kan fili?

Saboda a kurket ƙwallo kan sauka ƙasa kafin ta iso wurin mai bugu. A tsakiyar fili akwai wani ziri mai tsawon yadi 22 da ake shimfiɗa wa laka, a yi ta bi da abin daddale ƙasa har ya zama kamar daɓen ɗaki. A wasan Tes, wanda aka fara a Melbourne a 1877 tsakanin Ostireliya da Ingila, kwana biyar ake yi a kan daɓe ɗaya. Rana ta gasa shi, ƙusoshin takalma su karce shi, ya fara tsagewa. Daɓen ranar farko da na ranar ƙarshe sunansu ne kawai ɗaya. Shi ya sa kyaftin ɗin da ya ci jefa kwabo yakan duƙa ya dubi ƙasar tukuna, kamar manomi, kafin ya ce zai fara bugu ko jifa.

Mene ne abin wuya a filayen Ingila?

Damshi, ciyawa, da ƙwallon Dukes mai ɗinki tudu-tudu wanda ba ya saurin lafawa. Ƙwallon takan karkace tun tana iska, in kuma ɗinkin ya sauka kan ciyawa ta sake kaucewa. Filin Lord's na Landan ya ƙara da nasa: yana da gangara ta kusan mita biyu da rabi daga gefe zuwa gefe, har baƙo kan ji jikinsa yana rinjaya ba da saninsa ba.

Maganin shi ne jinkiri. A bar ƙwallo ta iso ƙarƙashin ido kafin a taɓa ta, a sassauta riƙon sanda yadda ko ta goge gefen katakon ba za ta tashi har hannun masu jiran cafewa a baya ba. Wadda ba ta nufi turakun nan uku da mai bugu yake tsaro ba kuwa, a ɗaga sanda a bar ta ta wuce. Virat Kohli na Indiya ya sha wannan darasi a 2014: maki 134 kacal a shiga bugu goma, James Anderson, mai jifan Ingila, ya fitar da shi sau huɗu, galibi yana miƙa hannu ga ƙwallon da ba ruwansa da ita. Da ya dawo a 2018 sai ya riƙa tsayawa gaban layinsa don ya tare ta kafin ta gama karkacewa, ya kuma koyi ƙyalewa. Ya tashi da maki 593, Anderson bai fitar da shi ko sau ɗaya ba.

Ostireliya fa?

Can matsalar tsalle ce. Lakar Perth da ta Brisbane tana ƙanƙarewa, sai ƙwallon da za ta tsaya a gwiwa a wani wuri ta zo a ƙirji. Wanda ya saba jefa ƙafa gaba kullum zai sha wuya. Dole ya iya ja da baya, ya sare ta gefe ko ya fizgo ta. Alherin wurin shi ne tsallen ba ya yaudara. Ostireliya ba ta yi rashin nasara a filin Gabba na Brisbane ba tun 1988, sai a Janairun 2021 da Indiya ta cim ma maki 328 da aka gindaya mata. Kowa na tuna maki 89 ɗin da Rishabh Pant ya ci wa Indiya. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne abokin wasansa Cheteshwar Pujara, wanda ya yi ta barin ƙwallo tana dukan kafaɗarsa da haƙarƙarinsa da hular kwano maimakon ya ɗaga sanda a cafe shi. Maki 56 ya ci, amma shi ya gajiyar da masu jifan.

Gaskiya ne Indiya tana shirya daɓe don cutar baƙi?

Kowace ƙasa tana shirya daɓenta yadda zai yi wa 'yan wasanta daɗi, kuma babu dokar da ta hana. A Indiya da Galle ta Siri Lanka ƙasar busasshiya ce, tana rugurgujewa, sai ƙwallon da aka murza da yatsu ta ciji ƙasa ta juya. A Galle ɗin ne Muttiah Muralitharan, mai jifan Siri Lanka, ya fitar da mai bugu na 800 a tarihin wasansa a 2010. Mai bugu a nan ko dai ya fito da sauri ya tarar da ƙwallon inda za ta sauka, ko ya ja can baya ya jira ta gama juyawa, ko ya durƙusa ya share ta kamar mai tsintsiya. Tsayawa tsakiya, ba gaba ba baya, shi ke kashe baƙi.

Inda ake rashin adalci a gardamar shi ne wajen ma'auni. A Fabrairun 2021 Indiya ta gama da Ingila cikin kwana biyu a Ahmedabad, aka yi ta surutu cewa wannan ba fili ba ne, gona ce. A Janairun 2024 a Cape Town, tsakanin Afirka ta Kudu da Indiya, kan daɓe mai ciyawa da tsalle, mutum 23 aka fitar a rana guda, wasan ya ƙare cikin jifa 642, mafi gajarta a tarihi cikin waɗanda aka samu mai nasara. Kyaftin ɗin Indiya na lokacin, Rohit Sharma, ya fito ya nemi a riƙa auna kowa da mudu ɗaya, kuma ina ganin yana da gaskiya. Juyi ba laifi ba ne, kamar yadda gudu ba laifi ba ne. Daɓen banza shi ne wanda ƙwallo biyu za su sauka wuri ɗaya, ɗaya ta bi ƙasa ɗaya ta nufi haƙori. Irinsa aka gani a Sabina Park ta Jamaika a 1998, inda alƙalai suka tsayar da wasa tun safiyar farko don kada a ji wa 'yan Ingila mummunan rauni.

To, akwai salon bugu ɗaya da ya dace da ko'ina?

Malaman wasa suna koyar da tsayuwa a gicciye, gwiwar hannu a sama, sanda ta sauko a miƙe. Sai ga Steve Smith na Ostireliya yana ta mutsu-mutsu, yana takawa ya rufe turaku gaba ɗaya, ya kuma ci maki 774 a wasanni huɗu a Ingila a 2019. Shivnarine Chanderpaul na West Indies kusan fuskantar alƙalin gefe yake yi in ya tsaya, amma ya haura maki 11,000. In ka tsayar da hoton bidiyo daidai lokacin da ƙwallo ta bar hannun mai jifa, za ka ga dukansu kai a tsaye yake, ido a daidaice. Duk sauran motsin kafin nan ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai iya rage wa kansa kaya. A Sydney a 2004, bayan an yi ta fitar da Sachin Tendulkar na Indiya a kan bugun da ya fi so, wato tura ƙwallo gaba ta ɓangaren da yake fuskanta, sai ya haramta wa kansa shi. Ya ci 241 ba a fitar da shi ba, bai yi wannan bugu ko sau ɗaya ba.

Maki masu yawa a daɓe mai sauƙi suna da daraja kuwa?

Suna da ita, sai dai ba a sa su a sikeli ɗaya da na wahala. Brian Lara na West Indies ya ci 375 a 1994, sannan 400 a 2004, duka a fili ɗaya a Antigua, duka a kan Ingila, duka wasannin kuma canjaras aka tashi. Har yau ba wanda ya kamo 400 ɗin. Amma in aka zauna hirar bugu mafi girma, da yawa sukan fara ambaton 281 na VVS Laxman ɗan Indiya a Eden Gardens ta Kolkata a 2001. An tilasta wa Indiya sake shiga bugu don ta yi nisa a baya, Shane Warne da Glenn McGrath na Ostireliya ne ke jifa, Laxman da Rahul Dravid suka wuni ranar huɗu ba a raba su ba. Washegari Indiya ta ci, ta katse wa Ostireliya jerin nasara 16.